Baba Bato Ya Ƙi Tiyata

Ina cikin yanka yadin ankon wani biki sai keke Napep ya tsaya a ƙofar shagona. Sanda ce ta fara leƙowa, sannan ƙafa ɗaya, sannan ɗayar, sai ga Baba Bato ya fito yana gyara zaman hularsa. A bayan hannunsa na hagu akwai farar filasta, irin wadda ake mannawa in an zare allurar ƙarin ruwa. Silifas ɗin banɗaki ne a ƙafarsa.

"Tela, fito mini da kujerata," ya ce. "In mai kunun nan ba ta wuce ba, tsayar mini da ita. Tun jiya ba su bar ni na sa komai a bakina ba."

Na ajiye almakashi. "Baba, ba yau ne za a yi maka aikin ba?"

"Yau ne."

"To an yi?"

"Ka ga na yi kama da wanda aka yanka?"

Sunansa Bartholomew, amma duk layinmu a Nyanya Baba Bato ake kiransa. Mutumin Filato ne, ya zo Abuja tun tana daji, ya yi tuƙi a wata ma'aikata a Garki har ya yi ritaya. Shagona na ɗinki a jikin katangar gidansa yake, kuma tun da matarsa Mama Hansatu ta rasu, kujerarsa ta roba a wurina take kwana. A lokacin yana da shekara tamanin da uku. An gano masa wani ƙari a ƙasan mafitsara, irin wanda ke samun maza in sun tsufa, wani asibitin kuɗi a cikin gari ya ce sai an cire. 'Yarsa Christina, wadda take aure a Karu kuma take aikin ofis, ita ta yi ta zirga-zirga har aka sa rana.

Bai gama shan kunun ba motarta ta shigo layin. Ko ƙofar ba ta rufe ba ta fito.

"Baba! Wane irin abu ne wannan? Nas-nas suna ta nemanka har bayan gida. Na sauka ƙasa in sayo sabulu kawai, na dawo na tarar da gado ba kowa!"

"Na gaya wa mai gadi zan tafi."

"Mai gadi ne likitanka?"

"Zauna, Christy. Tela, ba ta benci."

Ba ta zauna ba. Makwabta sun fara leƙowa, Maman Promise mai sayar da ruwan leda ta tsaya da tire a ka. Baba Bato ya goge bakinsa da bayan hannu.

"Da safe likitan ya shigo," ya ce. "Yaro mai ladabi. Na ce masa ina da tambaya. Na ce, abin nan in an bar shi, yaushe zai kashe ni? Ya yi ta kewaye-kewaye. Na ce ɗana, faɗi kai tsaye, na girmi babanka. Ya ce irin nawa a hankali yake tafiya, zai iya kai shekara goma ko fiye. Na ce to in an yanka fa? Ya ce zan kwanta na wani lokaci, kuma wasu bayan aikin ba sa iya riƙe fitsari, wasu ma a shekaruna ba sa farfaɗowa da kyau daga allurar barci. Sai na lissafa tamanin da uku a tara da goma. Na yi masa godiya."

"Shi ke nan sai ka gudu?"

"Ban gudu ba. A hankali na sauko, da sandata."

Maman Promise ta ƙyalƙyale da dariya, sannan ta kama bakinta da ta ga fuskar Christina. Hawaye ne ke zubo mata.

"Na rasa Mama," ta ce. "Kana so in zauna ina kallo kai ma ka tafi?"

Baba Bato ya ajiye kofin kunun. Ya ɓare filastar daga hannunsa a hankali, ya naɗe ta, ya rasa inda zai jefar, ya sa a aljihu.

Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Ni mutum ne mai tsoron ciwo. Na haura hamsin, kuma ko kaina ne ya sara sai na tsallaka kemis ɗin Innocent ya ɗaura mini abin awon jini a dantse. A ce likita ya gaya wa mutum akwai wani abu yana girma a cikinsa, mutumin ya dawo ya zauna yana neman mai kunu, wannan ban taɓa gani ba. Daga ranar na fara lura da shi fiye da da. Ina taka keken ɗinki, ido ɗaya yana kan allura, ɗaya yana kansa, ina jiran in ga lokacin da tsoron zai fito.

Christina ba ta haƙura ba. Ta ce sai sun ji ta bakin wani likitan, shi kuma ya yarda saboda ita. Ranar da suka dawo ta shigo shagona karɓar ɗinkinta, ta zauna a kan benci ta cire takalmi.

"Malam Zulkifilu, ka san me matar ta ce?"

"Wace mata?"

"Likitar. Babba ce, har da furfura. Ta duba hotunan duka, ta dubi Baba, ta tambaye shi ko yana jin zafi, ko fitsari yana ba shi wahala. Ya ce a'a. Sai ta ce da mahaifinta ne, ba za ta bari a taɓa shi ba. A dinga duba jininsa lokaci-lokaci, in abin ya canza hali akwai magani. Ya ci gaba da shan na hawan jininsa. Shi ke nan."

"To ai alhamdu lillahi."

"Haka kowa ke cewa." Ta murza yatsun ƙafarta. "Amma ni da ta ce a yi wani abu, da na fi samun barci. Yanzu me zan yi masa? In zauna kawai?"

Na ninke mata kayanta na sa a leda.

Shi kuwa Baba Bato sai ka ce an ƙara masa girma a wurin aiki. Yana da wani abu da yake kira alawus ɗin tsufa, kuma ya ce ya daɗe yana barinsa a hannun mutane, yanzu zai karɓi abinsa cif. In ya je banki, ba ya ko kallon layi, sai ya ɗaga sanda kaɗan mai gadi ya zo ya shigar da shi. In fasto ya tsawaita wa'azi, sai ya tashi ya fito ya zauna a inuwar mangwaron cocin, in an tashi ya gaya wa faston daidai inda ya kamata a ce ya tsaya. Duk sunan da aka yi a layinmu, na Musulmi ko na Kirista, hantar ragon tasa ce, ba ya ma tambaya. Da hantsi, lokacin da kowa yake gudun neman abinci, shi yana gyangyaɗi a kujera, baki a buɗe, rediyo a cinya.

Abin da ya fi jin daɗinsa shi ne tambaya. Ya ce yana yaro an hana shi tambayar manya, yana direba an hana shi tambayar oga, yanzu ba wanda ya isa. Zai tsayar da 'yar makaranta ya tambaye ta me suke dannawa a waya tun safe, ya sa ta nuna masa. Ya tambayi mai gyaran janareta dalilin da ya sa yake tsotsar fetur da baki. Ni ma ban tsira ba. Wata rana bayan na idar da sallar la'asar ya ce, "Tela, in ka sa goshi a ƙasa ɗin nan, me kake cewa? Shekaru nake gani, kunya ta hana ni tambaya." Na gaya masa. Ya maimaita, ya tambayi ma'anar, ya gyaɗa kai. "Gajere ne ashe. Da fastonmu zai zo ya koya."

Wata 'yar cocinsu ta kawo masa kwalabe na maganin ƙarin ƙarfi, ta ce daga ƙasar waje ne, yana wanke jini. Ya karanta jikin kwalbar da ƙyar, ya mayar mata, ya ce jininsa ba ya datti. Da masu gwajin kyauta suka kafa rumfa a bakin kasuwa, suna awon komai daga kai har ƙafa, ni na rufe shago na je na bi layi. Shi ya ce in gaishe su.

"Ba za ka je ba, Baba? Kyauta ne fa."

"In sun duba sai sun gani. Jikin ɗan tamanin, ko ina ka leƙa akwai abin gani. Na tuƙa tsohuwar Fijo shekara da shekaru, in tana kai ka inda za ka, ba a sauke mata inji don an ji 'yar ƙara."

Shi ya sa na kusa ɗinke yatsana ranar da ya ce mini zai je a yi masa aikin ido. Yanar ido ta rufe masa na dama gaba ɗaya, na hagu ma ya fara.

"Baba, kai da ka gudo daga tiyata?"

"Na ce maka ban gudu ba."

"To mene ne bambancin? Wannan wuƙa, waccan wuƙa."

"Wannan in an yi yau, jibi zan ga fuskar jikokina. Waccan kuma amfaninta sai na kai casa'in da wani abu zan gani, in na kai. Ni ba na ƙin likita, Tela. Tambaya kawai nake yi, me zan samu, kuma yaushe."

Christina ta kai shi da murnarta, don ta samu abin yi. Da aka cire masa bandeji ya zo ya tsaya a ƙofar shagona ya daɗe yana kallona.

"Kai! Ashe ka yi furfura haka? Ni ina ta ɗaukarka yaro." Ya juya ya dubi layin. "Ashe gidan su Mubarak shuɗi ne. Wa ya ba su wannan shawarar?"

Ganin da ya samu ne ya tayar masa da maganar Sheda, wani ƙauye a gaba da Gwagwalada. Yana da aboki a can, Solomon, wanda suka yi aiki a ma'aikata ɗaya, shi direba, Solomon masinja. Solomon Gbagyi ne, da ya yi ritaya ya koma gonar gidansu. Sun daɗe ba su haɗu ba, sai gaisuwa ta waya. Christina ta ce ya bari sai ta samu hutu ta kai shi a mota. Ya ce bai san ko yana cikin lissafin hutun ofishinsu ba. Wata Asabar ya ce in rufe shago in raka shi, ni kuma na rufe, don ina so in ga ƙarshen abin.

A tasha kwandasta yana hango sandar ya daka wa wani saurayi da ke gaba tsawa. "Sauko, ka ba Baba wuri!" Baba Bato ya haye gidan gaba kamar motarsa ce, ni na matse a baya tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani mai buhun garin rogo. Tun daga tashar Eriya Wan har Gwagwalada yana hira da direban, yana nuna masa wuraren da ya sani suna daji, yana karanta allunan hanya da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya don dai yana iya gani. Ya kuma gaya masa yana saurin sakin kuloci. Direban ya ce, "To Baba, na gode," ya gyara.

Solomon ya fito daga bayan rumbu da fartanya a kafaɗa. Gajere ne, ya rame, ya rasa haƙoran gaba. Suka tsaya suna kallon juna.

"Direba! Ba ka mutu ba?"

"Ina jiran masinja ya kawo takardar."

Suka rungume juna suna dariya har Solomon ya fara tari. Ya ƙwala wa yaron gidan kira da Hausarsa ta Gbagyi. "Wisdom, gaya ma mamanka ya sa doya a wuta, baƙi ya zo daga Abuja!"

Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashin kashu. Aka kawo gasasshiyar sabuwar doya da manja da barkono, aka kawo wa tsofaffin burkutu a ƙwarya, ni aka ba ni kunun gero. Baba Bato ya ɗaga ƙwaryar ya dube ni.

"Kada Christy ta ji."

"Likita ta yarda da wannan?"

"Na tambaye ta. Ta ce rabin ƙwarya, ba kullum ba." Ya sha, ya lumshe ido. "Ba ta faɗi girman ƙwaryar ba."

Sun yi hirar mutanen da ban sani ba, wane ya rasu, wane ya koma ƙauye, wane oga ne ya fi rowa. Da rana ta karkata Solomon ya tashi ya je ɗaure awakinsa, muka rage mu biyu. A nan na yi tambayar da ta daɗe tana cina.

"Baba, don Allah, ba ka jin tsoro? Ka san abin nan yana nan a cikinka."

Ya ɗauki ɓawon doya yana juya shi.

"Ina ji. Wani lokaci in na farka sai in taɓa marata in ce, kana nan? Amma akwai abin da na fi tsoro. Ka tuna lokacin da Hansatu take asibiti?"

Na tuna. Ta daɗe a can, mu makwabta mun yi ta zuwa dubiya ana hana mu shiga.

"Tun a watan farko babban likitan ya ja ni gefe ya ce ba za ta tashi ba. Ni na ce a yi duk abin da za a iya. Yara ma haka suka ce. To aka yi. Roba a hanci, roba a hannu, roba ta ko'ina. Duk safiya a ɗebi jini. Wata rana ta jawo hannuna ta ce, Bato, gwate nake so, na acca, da yakuwa. Na je na sa aka dafa, na kawo a kula. Nas ta ce ba a ba ta komai ta baki, akwai wani gwaji gobe. Gobe ta yi, aka ce akwai wani jibi. Gwaten nan a ƙarƙashin gado ya yi tsami." Ya jefar da ɓawon, wata kaza ta zo ta tsince. "Ba laifin kowa ba ne, kowa yana aikinsa. Amma matar da ta ciyar da gida shekara hamsin, da yunwa ta tafi."

"Christina ta san wannan?"

"Tana makaranta a Jos lokacin, ƙarshen mako take zuwa. Ita abin da ta riƙe shi ne an yi wa uwarta komai. Na bar ta da shi."

A hanyar dawowa ya yi barci a gidan gaba, kansa a jikin gilashi, doya biyu da Solomon ya ba shi a tsakanin ƙafafunsa.

Ya ci damina biyu bayan ranar da ya ƙi tiyatar nan. Duk lokacin da aka duba jinin, likitar ta ce ƙarin yana nan inda yake, bai ko motsa sosai ba. Abin da ya zo daga baya daban ne. Na fara lura cewa daga ƙofar gidansa zuwa kujerar sai ya tsaya ya huta. Sannan ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya daina shiga. Christina ta kai shi, aka ce zuciya ce ta gaji, ruwa yana taruwa a ƙirji. Suka riƙe shi 'yan kwanaki, aka janye ruwan, ya samu sauƙin numfashi, kuma bai yi gardama ba. Da suka zo da maganar mayar da shi wani ɗaki mai na'urori, sai ya yi tambayarsa da ya saba. Likitar ta gaya musu gaskiya, na'ura za ta iya ƙara masa wani lokaci a kan gado, amma ba za ta mayar da zuciyar sabuwa ba. Ya ce a ba shi magungunan da za su sauƙaƙa masa, a kai shi gida.

Na ɗauka Christina za ta sake tayar da rigima. Da ta sauke shi ta fito ta tsaya a ƙofar shagona, idanunta sun yi ja.

"Ya ba ni labarin gwaten Mama," ta ce. "A mota, muna tahowa. Ka sani?"

"Ya gaya mini a Sheda."

"Kowa ya sani ban da ni." Ta dubi ƙofar gidan. "Na ɗauki hutu. Zan dawo nan da yara."

Gidan ya cika da hayaniya. Jikokinsa biyu suna tsalle a kan gadonsa, matan zumunta na cocinsu suna zuwa da yamma su yi masa waƙa, shi yana zaɓar wadda yake so, in sun ɗauko wadda ba ya so ya ɗaga hannu. Wata nas 'yar layinmu tana leƙowa ta duba shi kafin ta tafi aiki. Da ya kasa fitowa, na ɗauki aikin hannu, sa maɓalli da kalmasa, na dinga shiga ina yi a gefensa. Har a lokacin bai daina tambaya ba. Ya tambaye ni yadda muke wanke mamaci, da dalilin da ya sa ba ma jira. Na bayyana masa. Ya ce, "Ku kun fi mu sauri. Mu sai an sa ni a firji an jira 'yan Legas."

Ranar Alhamis ɗin da ya rasu, bayan azahar Christina ta dafa gwaten acca da yakuwa. Ina zaune ta shigo da shi a kwano, yana tururi, ta zauna a bakin gado ta ɗebo a cokali. Ya leƙa kwanon, ya dube ta.

"Wannan ai na uwarki ne."

"Ka ɗan sha, Baba."

"Ni ban taɓa son gwate ba. Shekara hamsin ina sha don kada ta ji haushi." Ya numfasa. "Tsire nake so. Na Kure na bakin tasha, mai kitse-kitse. Da lemo mai sanyi."

Ta buɗe baki, na san za ta ce gishiri, za ta ce likita. Sai ta ajiye cokalin ta fashe da dariya, tana yi tana share ido da gefen zani.

"Malam Zulkifilu, don Allah."

Na tarar Kure bai gama hura wuta ba, don shi sai bayan la'asar yake fara gashi. Da na ce na Baba Bato ne, ya zaɓi tsinke biyu masu kyau ya gasa su a gefen da ya fara kamawa, ya yanka ƙanana-ƙanana yadda ba sai an tauna sosai ba. Baba ya ci yanka uku, ya tsotsi kitsen na huɗu ya mayar a takarda. Ya kurɓi lemon ta tsinken roba. Ya ce yajin ya yi kaɗan, a gaya wa Kure ya fara rowa. Sannan ya ce a buɗe taga, yana so ya ji layin.

Na koma shago don akwai mai jiran kaya. Ana kiran la'asar na ji Christina ta kira sunana, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Da na shiga tana zaune inda na bar ta, hannunsa a cikin nata. Ta ce yana cikin tambayarta ko ƙaramin jikansa ya dawo daga makaranta, ta ce masa yanzu zai shigo, ya ce to, ya juya kai wajen tagar. Ta ɗauka barci ne.

"Allah ya ba ku haƙuri," na ce.

"Amin." Ta gyara masa wuyan riga. "Malam, da an yi aikin nan tun farko, kana ganin..."

"Likita ta ce ba shi ne ba."

"Na sani. Ina dai tambaya ne."

Kamar yadda ya faɗa, sai da aka jira 'yan Legas. Solomon ya zo daga Sheda ya zauna a tsakar gida. Mu Musulmin layin muka haɗu muka shiga gaisuwa, muka taya su kafa rumfa da jera kujeru.

Ranar da za a kai shi gida Filato, da safe aka shigo da motar gawar layinmu don ya yi sallama da gidansa. Matan zumunta suka kewaye ta da farin kallabi suna waƙa a hankali. Ban iya binsu ba, amma na raka su da ƙafa har bakin babban titi. Lokacin tafiya aiki ne, hannun da ke shiga gari ya cushe tun daga gada har iya ganin ido, bas-bas da ƙananan motoci hanci da gindi, ba mai motsi. Hannun da ya nufi Keffi kuwa fayau yake. Motar ta hau titin, ta Christina tana biye, suka miƙe ba tare da sun ko taka birki ba. A cikin wata bas da ke tsaye a ɗaya hannun, wani dattijo da ke bakin taga ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, yana bin su da kallo har suka shige Mararaba.